Agogon hannu na kanka: ESP32, agogon Otigba, ko wani abu dabam?

Wani ƙanena mai gyaran waya, wanda yake kwana a Agege ya wuni a Computer Village, kasuwar wayoyi da kwamfutoci ta Ikeja, ya turo min tambaya. Yana son haɗa agogon zamani na kansa: ya nuna lokutan salla na Legas, ya girgiza masa hannu idan saƙo ya shigo waya, ya kuma rubuta Hausa da ƙugiyoyinta. Ya ce hannunsa ya faɗa a dalma, ya taɓa wasa da Arduino, allon koyon haɗa na'urori, kuma yana da ESP32, ƙaramar ƙwaƙwalwar lantarki (aisi) mai WiFi da Bluetooth, guda biyu a durowa. Shin ya yi aiki da su, ko ya sayi agogo mai araha a layin Otigba na cikin kasuwar ya yi masa filashin, wato ya sauya masa manhaja? Manhajar waya kuma, da me zai rubuta ta, Flutter ko Kotlin?

Ƙanena, ajiye dalmar tukuna, ɗauko biro da takarda. Batirin da zai shiga cikin agogo ba tare da ya zama kamar gwangwanin sadin a hannunka ba, bai cika wuce 200 mAh ba (mAh shi ne ma'aunin yawan wutar da batiri ke ɗauka). Mu ɗauki 180. Kana son caji ɗaya ya kai ka mako, wato awa 168. Raba 180 gida 168, ka ga abin da ya fito: kusan 1 mA. Albashin agogon ke nan gaba ɗaya, kuma daga ciki za a ciyar da sikirin, da rediyon Bluetooth, da sensar ƙirga taku, da 'yar motar da ke girgiza hannu, da ita kanta aisin da ke tuƙa komai.

To, ESP32 ɗinka idan rediyonta na Bluetooth yana sauraro tana shan wajen 100 mA, idan kuwa WiFi ce take turawa tana haura 200. Gaskiya ne idan ta yi barci mai nauyi takan sauko zuwa wajen 10 µA (µA dubu ne ke yin 1 mA), amma a wannan barcin rediyo a kashe yake, haɗinta da waya ya tsinke, saƙo ba zai iso ba. Aisin nRF52832 na kamfanin Nordic da ke Norway kuwa, ko lokacin da yake magana da waya wajen 5 mA yake sha, kuma maganar ba ta wuce ƙiftawar ido, sai ya koma barcin da bai kai 3 µA ba, alhali haɗin na nan bai tsinke ba. Shi barcin zomo yake yi. Sa ESP32 ta riƙe Bluetooth dare da rana kamar tada janaretan masallacin Juma'a ne don cajin waya ɗaya.

Za ka ce ai akwai agogunan ESP32. Akwai. Watchy na amfani da ita tare da sikirin irin na takarda mai ɗigo 200 sau 200, wanda ba ya shan wuta sai lokacin canza hoto. Dabararsa ita ce ya farka sau ɗaya a minti, ya sauya lamba, ya koma barci. Yana daɗewa ne don ba ya riƙe waya. T-Watch na LilyGO kuma batiri babba aka sa masa, duk da haka masu shi sun saba da caja. Da lokutan salla kaɗai kake so, da na ce maka bismillah da abin da ke durowarka. Tunda ka sa sanarwar saƙo a ciki, sai dangin nRF52. Amma kada ka sayar da ESP32 ɗin, zan dawo kansu.

Batun agogon Otigba yana da tarihi. Wajen 2020 masu irin sha'awarmu sun gano cewa wani agogo mai araha, Colmi P8, nRF52832 ne a cikinsa, kuma wani Bajamushe, Aaron Christophel, ya fitar da hanyar sauya masa manhaja ta Bluetooth ba tare da an buɗe shi ba. Matsalar ita ce masana'antu na canza cikin agogo su bar suna da kwali yadda suke. Na taɓa yin odar guda biyar daga wani ɗan kasuwa a intanet, suna ɗaya, hoto ɗaya. Da na buɗe, biyu ne kawai ke da aisin da nake nema, ukun wani abu ne da ko takardar bayaninsa ban samu ba. Kai mai gyara ne, ka fi ni sanin yadda waya iri ɗaya ke zuwa da fanel iri biyu. Idan mai shago zai yarda ka buɗe ɗaya ka karanta lambar aisi kafin ka biya, to. Ban taɓa ganin wanda ya yarda ba.

Kuma tunda mun shigo nan: wasu daga cikin waɗannan agogunan, ɗaura su a jikin ayaba ma za su ba ka bugun zuciya. Hasken kore da ke bayan agogo, idan na gaske ne, yana auna yadda jini ke kai-komo a ƙarƙashin fata ne, daga nan a lissafa bugu. Ba ya auna sukari. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a Fabrairun 2024 cewa ba ta amince da wani agogo ko zobe da ke da'awar auna sukarin jini ba tare da huda fata ba. Idan dattawan unguwa suka fara miƙo maka hannu ka duba musu hawan jini da agogonka, ka ce musu a'a.

Abin da zan ce ka saya ɗaya ne cikin biyu. PineTime na Pine64 shi ne mai sauƙin kuɗi, bai kai dala 30 ba kafin kuɗin kawowa. Cikinsa nRF52832 ne mai gudun 64 MHz, da ƙwaƙwalwar aiki 64 KB, da ma'ajiya 512 KB, da ƙarin 4 MB a waje, da sikirin mai ɗigo 240 sau 240. Manhajarsa InfiniTime a buɗe take, da C++ aka rubuta ta, kowa na iya karantawa ya gyara. Yana zuwa iri biyu: wanda aka manne bayansa don kada ruwa ya shiga, da na masu gwaji wanda bayansa a buɗe yake, ka jona masa wayoyin SWD da ɗan ST-Link mai araha, wato kayan zuba manhaja kai tsaye cikin aisi. Kai na biyun ya dace da kai, ko ka haɗa duka biyun idan aljihu ya yarda, ɗaya na tebur ɗaya na hannu. Agogo na biyu da zan ce ka saya shi ne Bangle.js 2, wanda Gordon Williams mai Espruino ya fitar a 2021. Ya fi tsada, amma nRF52840 ne mai ƙwaƙwalwa 256 KB, yana da GPS da kamfas, da JavaScript ake masa manhaja kai tsaye daga Chrome, kuma sikirinsa ba ya mutuwa, rana ma ƙara masa haske take yi. Wanda ya taɓa tsayawa jiran BRT da azahar yana kare agogo da tafin hannu ya san amfanin wannan. Wahalar katin dala da kwastan da jigilar kaya masu batirin litiyam, wannan ba sai na koya wa ɗan Computer Village ba.

Yanzu lokutan salla. Shawarata da ba zan sassauta ba: agogon ya lissafa su da kansa, kada ya jira waya ta turo masa. Dalilin zai bayyana idan mun zo kan manhajar waya. Lissafin ba shi da nauyi, sau ɗaya ne a rana, kuma aisin na da sashen lissafin ɓangarorin lamba a jikinsa. Abin da yake buƙata kwanan wata ne da matsayin gari. Legas na wajen digiri 6.5 arewa, 3.4 gabas. Kano na wajen 12 arewa, 8.5 gabas. Tazarar digiri 5 ɗin nan ta gabas da yamma, kowane digiri minti 4 ne, don haka zawali a Legas yana zuwa bayan na Kano da kusan minti 20. Shi ya sa kalandar da ake zuwa da ita daga gida ba ta yi wa mazaunin Agege ko Idi-Araba ko Mile 12 aiki. Agogon Najeriya an saita shi ne a kan layin digiri 15 gabas, mu kuwa muna can yamma da shi, shi ya sa rana ke tsakiya a Legas tsakanin 12:30 da 1:00, gwargwadon watan da ake ciki.

Inda za ka sha gardama shi ne asuba. Wasu jadawalai na ɗaukar alfijir lokacin da rana ke digiri 18 ƙarƙashin sararin gabas, na Masar kuma 19.5. A nan kusa da tsakiyar duniya wannan bambancin wajen minti 6 ne, kuma a watan azumi minti 6 ba wasa ba ne. Kada ka mai da kanka mai fatawa. Sa zaɓin a cikin saiti, ka ƙara wurin da mutum zai daɗa ko ya rage mintuna ga kowace salla, sannan ka je wurin ladanin masallacinku ka daidaita da abin da jama'a ke bi. Alƙibla daga Legas wajen digiri 63 ce daga arewa zuwa gabas. PineTime ba shi da kamfas, lambar kawai zai iya nunawa. Bangle yana da shi, amma a cikin danfo ko kusa da taransifoma ƙarfe zai ruɗa shi.

Agogon kuma yana zamewa. Kiristal ɗin da ke ƙirga masa lokaci, ko da mai kyau ne na 32.768 kHz, yana iya kuskuren wajen daƙiƙa 2 a rana, wato minti guda a wata. Duk sanda waya ta haɗu da shi, ta gyara masa lokaci.

Batun ƙugiya shi ne ya fi faranta min rai a tambayarka, don ba wanda zai yi mana shi idan ba mu yi ba. Agogo ba shi da tarin haruffa irin na waya. Kowane harafi hoto ne da aka dafa aka cusa cikin manhaja, kuma saboda ƙarancin wuri haruffan Turanci da 'yan kaɗan ake sakawa. Saƙo ya zo da ƙ, sai ka ga akwati ko fili. Wasu kan kauce ta hanyar cire ƙugiyar, har Gadgetbridge, manhajar Android mai haɗa waya da agogo, na da zaɓin mayar da baƙin haruffa na Turanci. Sai a rubuto maka "ƙura ta taso a Oshodi" agogo ya ce maka kura ce ta taso.

InfiniTime na zane a sikirin da wani kayan aiki mai suna LVGL, kuma LVGL na da manhajar da ke juya fon zuwa irin wanda agogo ke ci, kai ne za ka faɗa mata lambobin haruffan da kake so. Ga su: ƙ U+0199, Ƙ U+0198, ɗ U+0257, Ɗ U+018A, ɓ U+0253, Ɓ U+0181. Lura da kyau, nan ne tarkon yake. Ƙ da ƙ da manyan Ɗ da Ɓ suna rukuni ɗaya a Unicode, tsarin da ya ba kowane harafi lamba, daga 0180 zuwa 024F, amma ƙananan ɗ da ɓ suna rukuni na gaba, na haruffan masana furuci. Na taɓa zuba rukunin farko gaba ɗaya, na cinye wuri a banza, na ga "ƙasa" ta fito tsaf na yi murna, sai washegari "ɗan'uwa" ya zo min ba kai. Zaɓi shidan nan ɗaya-ɗaya. Ƙara ƴ U+01B4 da babbansa U+01B3 saboda 'yan'uwanmu na Nijar da ke cike da Legas, haka suke rubuta abin da muke rubutawa 'y. Ƙara lanƙwasasshiyar alamar ɗauri U+2019, don madannan waya da yawa ita suke sakawa a 'ya'ya da ma'ana. Ƙara ₦, U+20A6. Sannan ka tabbata fon ɗin da ka ɗauko yana da su tun asali. Noto Sans da DejaVu Sans da Andika duk suna da su.

Saura tarko na biyu. A tsarin UTF-8 da ake adana rubutu da shi, wurin da harafin Turanci ke ci bayit ɗaya ne, mai ƙugiya biyu, ₦ uku. Bluetooth mai ƙaramin shan wuta, idan ba a nemi ƙari ba, bayit 20 kawai yake ɗauka a tura ɗaya, kuma ma'ajiyar saƙo a agogo na da iyaka. Idan ka yanke dogon saƙo da ƙirgen bayit, wata rana wuƙar za ta faɗa tsakiyar ɗ, rabin harafi ya isa agogo, ya fito da shirme. Yanke a kan iyakar harafi, kuma a ɓangaren waya za ka yi yankan. Ajami kuma ka bar shi sai ka gama wannan, don rubutu daga dama da haɗa haruffa aiki ne mai zaman kansa.

Mu zo ga manhajar waya, wadda ita ce rabin aikin da ya fi cin rai, ko da yake kowa agogon yake kallo. Wata na farko kada ka rubuta komai. Sauke nRF Connect, manhajar Nordic ta leƙa na'urorin Bluetooth, ka haɗa da agogon, ka leƙa cikinsa. Za ka ga an jera hidimomi, kowace da lambarta: 0x180F ta batiri, 0x180D ta bugun zuciya, 0x1805 ta lokaci, 0x1811 ta sanarwa. Rubuta saƙo da hannunka ka tura, ka ji agogo ya girgiza. Sannan ka sa Gadgetbridge daga rumbun manhajoji na F-Droid, wadda ta riga ta san PineTime da Bangle, ka yi yawo da ita. Mai yiwuwa ka gano ta ishe ka. Idan kuma ba ta ishe ka ba, ka san takamaiman abin da ya rage, kuma lambobinta a buɗe suke ka ga yadda suka warware abin da zai ba ka wuya.

Flutter ko Kotlin? Kotlin. Ba don Flutter ba ta iya Bluetooth ba, tana da flutter_blue_plus da ire-irensa. Amfanin Flutter shi ne zana fuska mai kyau sau ɗaya don Android da iPhone, kai kuwa fuskar manhajarka shafi biyu ce. Aikin gaske yana inda ba a gani: NotificationListenerService mai karanto sanarwa, da hidimar da ke zaune tana riƙe da haɗi, da tashi da kanta bayan an kashe waya an kunna. Duk waɗannan na Android ne tsantsa, ko ka fara da Flutter sai ka dawo ka rubuta su da Kotlin, ka zama mai yi wa gida biyu hidima.

Bluetooth ɗin Android kamar akawun banki ne mai taga ɗaya: buƙata ɗaya yake karɓa, sai ya amsa ta sannan ka miƙa ta gaba. Ka tura uku a jere, biyu za su ɓace ba tare da ya ce maka uffan ba. Ko ka gina layi da kanka, ko ka ɗauki tarin lambobin Bluetooth na Nordic wanda ya riga ya yi. Za ka haɗu da kuskure mai lamba 133, wanda ba ya faɗin dalilinsa. Mafi yawan lokaci maganinsa ka rufe tsohon haɗi da close(), ka ɗan jira, ka sake. Kuma tun Android 7, idan ka fara neman na'ura fiye da sau 5 cikin daƙiƙa 30, tsarin zai daina ba ka sakamako a shiru. Teburinka na Ikeja ma wurin gwaji ne da kuɗi ba ya saya: dubban wayoyi da iyafis da WiFi duk a kan 2.4 GHz. Nemi agogonka da lambar hidimarsa, kada ka kwaso duk abin da ke iska.

Izini kuma ya danganta da shekarun wayar. Daga Android 6 zuwa 11 sai an ba manhaja izinin sanin wuri kafin ta nemi na'urar Bluetooth, kuma mutanenmu na ganin haka za su ce leƙen asiri ne, don haka ka yi musu bayani da Hausa kafin akwatin ya fito. Android 12 ya kawo izini na musamman, BLUETOOTH_SCAN da BLUETOOTH_CONNECT. Android 13 ya zo da abin da zai shafe ka kai tsaye: manhajar da aka girka daga fayil, irin wadda za ka tura wa abokai ta Xender ko WhatsApp, ana toshe mata damar karanta sanarwa har sai mutum ya shiga bayanan manhajar ya buɗe takurarren saiti da hannunsa. Ƙananan wayoyi masu ƙarancin ƙwaƙwalwa irin na Android Go, daga 10 zuwa ƙasa, ba sa ba da wannan damar sam. Android 15 kuma yana ɓoye lambobin sirri na OTP daga manhajojin da bai amince da su ba. Yi rajistar agogon ta CompanionDeviceManager, wanda ke nan tun Android 8, tsarin zai san abokin tafiyar wayar ne ya sassauta maka.

Sai babban abokin gaba, kisan manhaja a bayan fage. Android na da nasa tsarin tsimin batiri tun 2015, masu ƙera waya kuma kowa na ɗora nasa a kai, mai share duk abin da ba a buɗe yake ba. Manhajata ta farko ta yi kwana uku lafiya a kan wayar gwajina. Na sa wa wani maƙwabcina a tasa, kafin ya kai Obalende ta mutu, ba ta sake tashi ba sai da ya buɗe ta da dare. Dole hidimarka ta kasance mai sanarwar dindindin a saman waya, ka nemi a cire ta daga tsimin batiri, ka kuma nuna wa mutum inda zai ba ta damar tashi da kanta. Yi gwaji a kan wayoyin da ke hannun jama'armu, Tecno da Infinix da itel masu ƙwaƙwalwa 2 GB ko 3 GB, waɗanda ke zuwa teburinka kullum. Ka sa manhajar ta riƙa rubuta lokacin kowane tsinkewa da dawowa, ka jefa waya a aljihu daga Agege zuwa Ikeja, da dare ka karanta. Ka ga dalilin da na ce agogo ya lissafa salla da kansa: saƙon WhatsApp ya makara ba komai, amma magariba a watan azumi ba za ta jira manhajar da aka kashe ba.

Tace sanarwar ma. Guruf ɗin 'yan unguwa kaɗai zai iya girgiza hannunka sau ɗari kafin la'asar, kuma motar girgiza da hasken sikirin su ne manyan masu cin albashin 1 mA ɗin nan. Watsar da sanarwar taƙaitawa ta guruf da masu zaman dindindin, in ba haka ba saƙo ɗaya zai zo sau biyu. Alat na banki kuma bar shi a kashe sai mai agogo ya kunna da kansa, don hannun da ke riƙe da ƙarfe a cikin BRT kowa na karanta shi. Tazarar gaisawar agogo da waya ana iya saita ta daga 7.5 ms har daƙiƙa 4. Bar ta da tsawo a zaman jira, ka gajarta ta lokacin tura sabuwar manhaja kawai.

iPhone ka ƙyale shi yanzu. Can agogo ne ke karɓar sanarwa kai tsaye ta tsarin ANCS, kuma fitar da manhaja na buƙatar Mac da dala 99 duk shekara. Play Store dala 25 ce sau ɗaya, amma sabon asusun mutum ɗaya sai ya yi gwaji da mutum 12 na kwana 14 kafin a bar shi ya saki manhaja, majalisarku ta shayi ta isa. Ranar da ka fara tunanin sayarwa, akwai amincewar NCC ga na'ura mai rediyo, da NAFDAC idan ka yi da'awar lafiya.

ESP32 ɗinka kuwa, jona ɗaya da USB a kan tebur inda batiri ba damuwa ba ne, ka sa ta yi shigar agogo da waɗancan lambobin hidima, ta riƙa buga duk abin da waya ta turo a kwamfuta. Da ita za ka fara Kotlin tun kafin odarka ta iso. Idan agogon ya zo kuma ka fara tura masa manhajarka ta iska, InfiniTime na da wata kariya: sabuwar manhaja ba ta zama daram sai ka shiga saiti ka tabbatar da ita, in ba ka yi ba, da an sake kunna agogon zai koma tsohuwar. A kan wanda aka manne bayansa, kada ka danna tabbatarwar nan sai ka ga Bluetooth ya haɗu, ka kuma gwada cewa zai karɓi wata manhajar bayanta. In ka tabbatar da wadda rediyonta ya mutu, sai dai manhajar ceto, in ita ma ta ƙi, sai bulowa da ɓamɓare murfi, kuma da wuya ya sake jure ruwan alwala.